Ingilishi Ma Ya Taɓa Zama Harshen Talakawa

Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a tsakanin ɗalibai, har ma da wasu malamai, wai Ingilishi harshe ne wanda tun fil'azal aka ƙera shi domin ilmi da mulki, sauran harsuna kuwa irin su Hausa iyakarsu hira a zaure da ciniki a kasuwa. Da wuya a sami ɗalibin Sashen Hausa wanda abokansa na wasu sassa ba su taɓa tsokanarsa ba da cewa, "Kai da ka sha Hausa a nono, me kuma ka zo nema a jami'a?" Mafi yawan amsoshin da ake mayar wa masu wannan tsokana na zafin rai ne, shi ya sa ba sa gamsar da kowa. Amsar da ta fi ƙarfi tana cikin tarihin Ingilishi shi kansa. Duk wanda ya bi sawun wannan harshe tun daga tushe zai tarar cewa ya shafe ɗaruruwan shekaru ana raina shi a ƙasarsa, malamai na rubutu da Latin, sarakuna na mulki da Faransanci, shi kuwa an bar shi a bakin manoma da makiyaya. Darajar da yake da ita a yau gina ta aka yi, kuma an san waɗanda suka gina ta da lokacin da suka yi aikin.

Tushen Harshen

A shekarar 1786 wani alƙalin Ingila mai suna William Jones ya gabatar da jawabi a birnin Kalkata na ƙasar Indiya, inda ya nuna cewa kamannin da ke tsakanin Sanskirit da Girkanci da Latin sun yi yawan da ba za a ce dace ne ba, lalle daga tushe guda suka fito. Wannan tushe shi ne masana ke kira dangin harsunan Indiya da Turai. Ingilishi yana cikin reshen Jamus na wannan dangi, tare da Jamusanci da harshen Holan da harsunan Danmak da Nowe da Suwidin. A 1822 masanin nan na Jamus Jacob Grimm ya bayyana ƙa'idar sauyin sauti da ta raba wannan reshe da sauran. Inda Latin ke da "p", harsunan reshen Jamus suna da "f", shi ya sa "pater" na Latin ya yi daidai da "father", "piscis" kuma da "fish". Haka nan sautin "k" ya koma "h", kamar yadda ake gani tsakanin "centum" da "hundred". Ke nan Ingilishi ɗa ne a cikin 'ya'ya, kamar yadda Hausa take ɗaya daga cikin harsunan Cadi.

Tsibirin Birtaniya kuwa ba can aka haifi harshen ba. Mazaunansa na da Keltawa ne, waɗanda harshensu shi ne kakan harshen Welsh na yau. Romawa sun ci tsibirin da yaƙi a shekara ta 43 Miladiyya, suka mulke shi har zuwa wajen 410, lokacin da daularsu ta yi rauni ta janye hannunta. Daga nan ne wasu ƙabilu daga gaɓar tekun arewacin Jamus da Danmak da Holan suka fara ƙetarowa. Masanin tarihi Bede, wanda ya kammala littafinsa a 731, ya ambaci ƙabilu uku, wato Angil da Sakson da Jut, ya kuma sanya farkon zuwansu a wajen shekara ta 449. Sunan ƙabilar Angil ne ya haifi sunan ƙasar Ingila da na harshen Ingilishi, kuma har yau akwai yankin da ake kira Angeln a arewacin Jamus. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda aka yi a kan ƙwayoyin gado na ƙasusuwan da aka tono a tsofaffin maƙabartu, ya nuna cewa ƙaura ce mai yawa ta maza da mata, domin kimanin kashi 76 cikin 100 na asalin mutanen gabashin Ingila na wancan zamani daga ƙetaren teku yake.

Waɗannan baƙi manoma ne da mayaƙa, ba su da littattafai. Abin da suke da shi na rubutu wasu haruffa ne da ake kira "rune", waɗanda ake sassaƙawa a jikin dutse ko ƙashi ko makami. Sun kira 'yan ƙasar da suka tarar da sunan "wealas", ma'ana baƙi, kalmar da daga baya har ta ɗauki ma'anar bayi, kuma daga gare ta sunan Wales ya samo asali. Kalmomin Keltawa kaɗan ne suka shiga harshensu, in ban da sunayen koguna da wurare irin su Thames da Avon da Kent. Harshen nasu ma ba guda ba ne, kare-kare ne huɗu manya: na Northumbria da na Mercia da na Kent da na Wessex.

Zuwan Alƙalami

A 597 Paparoma Gregory ya aiko da Augustine zuwa Kent domin yaɗa addinin Kirista, Sarki Aethelberht kuma ya karɓe shi a Canterbury. Tare da addinin ne haruffan Latin suka shigo. Da yake akwai sautuka a Ingilishi waɗanda Latin ba shi da su, sai marubuta suka ɗauko haruffa biyu daga tsohon rubutun "rune" suka ƙara, ɗaya domin sautin "th", ɗaya domin sautin "w". Wanda ya san yadda malaman ƙasar Hausa suka sarrafa baƙaƙen Larabci suka zama ajami, da yadda aka lanƙwasa ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, ba zai yi mamakin wannan dabara ba.

Duk da haka Latin ne harshen ilmi. Bede Ba'ingile ne, a Jarrow ya rayu, amma da Latin ya rubuta tarihin mutanensa. A cikin wannan littafi ne ya kawo labarin Caedmon, wani mai kula da dabbobi a gidan ibada na Whitby, wanda kan sulale ya bar taro idan ya ga garaya ta kusa zagayowa kansa, saboda bai iya waƙa ba, har ranar da ya yi mafarki ya wayi gari yana tsara waƙoƙin addini. Bede fassarar waƙar ya bayar da Latin. Masu kwafar littafin ne suka riƙa rubuta ta da Ingilishi a ƙasan shafi ko a ƙarshen kundi, kamar yadda ɗalibin ilmi kan rubuta ma'anar kalma da ajami a gefen littafin Larabci. Waƙar da ake ƙidayawa cikin mafi tsufa a Ingilishi a gefen shafi ta tsira.

Abin lura a wannan zamani shi ne hanyoyi biyu da harshen ya bi domin ɗaukar sabon ilmi. Ya ari kalmomi daga Latin irin su "bishop" da "candle" da "school", ya kuma ƙirƙiri nasa ta hanyar harhaɗa kalmomi. Ilmin taurari ya kira shi "tungolcraeft", wato gwanintar tauraro, lissafi kuma "rimcraeft", gwanintar ƙidaya. Wannan ita ce hanyar da Hausa ta bi ta samar da jirgin sama da gidan waya, a lokaci guda kuma ta ari mota da asibiti.

Mahara Daga Arewa da Sarki Alfred

A 793 mahara daga Sikandinebiya, waɗanda ake kira Viking, suka auka wa gidan ibada na Lindisfarne. A 865 babbar rundunarsu ta sauka a Ingila, ta riƙa cinye masarautu ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Wessex. Sarkinta Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya karya su a yaƙin Edington a 878, daga bisani aka yi sulhu, aka bar musu gabas da arewacin ƙasar.

Abin da ya fi yaƙin muhimmanci ga tarihin harshe shi ne abin da Alfred ya yi bayansa. Ya duba ya ga ilmi ya lalace, har ya koka cewa a lokacin da ya hau gadon sarauta 'yan kaɗan ne cikin malaman addini za su iya fassara wasiƙa daga Latin. Maganin da ya kawo shi ne a juya littattafan da suka fi wajaba a sani zuwa harshen da kowa ke ji, kuma a fara koya wa 'ya'yan 'yantattu karatu da Ingilishi, wanda zai zurfafa sai ya ci gaba zuwa Latin. Ya tara malamai daga Mercia da Wales da ƙetaren teku, shi da kansa ya sa hannu a fassarar littafin Paparoma Gregory a kan aikin shugabannin addini, aka kuma fassara littafin falsafa na Boethius da tarihin Bede. A zamaninsa ne, wajen 890, aka fara rubuta tarihin ƙasar shekara bayan shekara da Ingilishi. Babu wanda ya jira harshen ya "isa" kafin a ɗora masa falsafa. Ɗora masa ɗin ne ya sa ya isa.

Zaman cuɗanya da mutanen Danmak da Nowe ya bar tabo mai zurfi. Kalmomi na yau da kullum irin su "sky" da "egg" da "skin" da "take" da "law" duk daga gare su suke, haka ma sunayen garuruwa masu ƙarewa da "by" kamar Derby da Grimsby. Har wakilan suna "they" da "them" da "their" aro ne, alhali masu nazarin harshe sun san da wuya harshe ya ari wakilin suna. Tsohon Ingilishi yana da jinsi uku a nahawunsa, da ɗafa-ƙeya masu yawa da ke nuna aikin suna a cikin jimla. Masana da dama na ganin cewa cuɗanyar al'ummu biyu masu kalmomi iri ɗaya amma ɗafa-ƙeya dabam ta taimaka wajen zubar da waɗannan ƙarshe-ƙarshe, har tsarin jeranta kalmomi ya maye gurbinsu.

Shekara Ɗari Uku a Ƙarƙashin Faransanci

Ranar 14 ga Oktoba, 1066, William na Normandi ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings. Cikin shekara 20 kusan dukan manyan filaye da manyan muƙaman coci sun koma hannun masu magana da Faransanci. Fada da kotu suka koma Faransanci, takardun mulki da ilmi suka koma Latin. Babban kundin ƙidayar filaye da dukiya na 1086 da Latin aka rubuta shi. Daidaitacciyar hanyar rubutu da aka gina a kan karin Wessex ta rushe, tarihin nan na shekara-shekara da aka fara a zamanin Alfred ya yi ta jan ƙafa har ya tsaya a Peterborough a 1154. Daga nan duk mai rubutu da Ingilishi da karin garinsu yake yi.

Sawun wannan zamani yana nan a cikin kalmomi. Dabba tana raye a hannun makiyayi sunanta na Ingilishi ne, "cow" ko "sheep" ko "calf", amma namanta a kan teburin masu mulki sunansa daga Faransanci ya zo, "beef" ko "mutton" ko "veal". Kalmomin mulki da shari'a kamar "court" da "judge" da "parliament" da "army" duk na Faransanci ne. An ƙiyasta cewa kalmomi kusan 10,000 ne suka shiga Ingilishi daga Faransanci a wannan zango. Da wani ya tsaya a fadar Ingila a 1150 ya ce harshen masu noma da kiwo zai zama harshen ilmin duniya, da an ɗauke shi mai taɓin hankali.

Abubuwa da dama suka haɗu suka juya lamarin. A 1204 Sarki John ya rasa Normandi, manyan ƙasa suka zaɓi tsakanin filayensu na Ingila da na Faransa. Yaƙin Shekara Ɗari da ya ɓarke a 1337 ya mayar da Faransanci harshen abokan gaba. Annobar 1348 zuwa 1349 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ƙwadago ya yi tsada, talaka mai magana da Ingilishi ya sami daraja. A 1362 aka kafa doka cewa a riƙa yin shari'a da Ingilishi domin mutane ba sa fahimtar abin da ake faɗa a kansu a kotu. A 1385 John Trevisa ya rubuta cewa makarantu sun bar koyarwa da Faransanci sun koma Ingilishi, ya kuma lura cewa yara sun fi saurin koyon nahawu ta haka, ko da yake Faransancinsu ya raunana. A shekarun 1380 mabiyan John Wycliffe suka fassara Baibul gaba ɗaya, Chaucer wanda ya rasu a 1400 ya zaɓi yin manyan waƙoƙinsa da Ingilishin Landan. Henry na Huɗu da ya hau mulki a 1399 shi ake ɗauka sarki na farko tun 1066 wanda Ingilishi ne harshen da ya tashi da shi.

Ko da William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, matsalar karin harshe ba ta kau ba. Shi da kansa ya ba da labari a 1490 na wani ɗan kasuwa da ya nemi ƙwai a wurin wata mata a Kent da kalmar mutanen arewa, ita kuwa ta ce ba ta jin Faransanci, sai da wani ya faɗi kalmar mutanen kudu sannan ta gane. Ɗalibin da ya san muhawarar da ake yi tsakanin Kananci da Sakkwatanci zai ga cewa kowane harshe sai ya ratsa wannan hanya kafin ya sami daidaitacciyar ƙa'ida.

Abin da Masu Musu Za Su Ce

Wani zai ce wannan duk tatsuniya ce mai daɗi, domin bindiga da jirgin ruwa da kasuwanci ne suka yaɗa Ingilishi. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. A wajen 1600 masu magana da harshen ba su wuce miliyan 7 ba, kusan dukansu a tsibiri guda. Mulkin mallaka na Ingila da ƙarfin Amurka daga baya su suka kai shi ko'ina. Amma wannan hujja tana rushe ra'ayin da aka fara da shi ne, domin ta tabbatar cewa yaɗuwar harshen ba daga wata baiwa ta nahawunsa ta zo ba. Sannan kuma yaɗuwa dabam, iya ɗaukar ilmi dabam. Na biyun masu fassara da marubuta ne suka samar da shi, kuma ya ɗauki lokaci mai tsawo, har Isaac Newton ma da Latin ya buga babban littafinsa a 1687.

Wani kuma zai kawo karin maganar nan cewa kayan aro ba ya rufe katara, ya ce harshen da ya cika da aro ya rasa kansa. An yi irin wannan muhawara a Ingila a ƙarni na 16, inda malami John Cheke ya nemi a tsarkake harshen daga baƙin kalmomi, har ya ƙirƙiri nasa a madadinsu, amma jama'a ba su karɓa ba. A yau fiye da rabin kalmomin ƙamus na Ingilishi asalinsu Latin ne ko Faransanci, amma kalmomin da aka fi furtawa kullum na tsohon harshen ne. Bahaushe ma bai daina zama Bahaushe ba don ya ce littafi da alƙalami da alƙali daga Larabci, ko takobi daga Buzaye. Sai dai aro yana da farashi. Ba'ingilen yau ba ya iya karanta waƙar Beowulf, mai layuka 3,182, sai ya koyi harshenta kamar baƙon harshe, kuma akwai rata tsakanin kalmomin masu ilmi da na talakawa wadda har yau take wahalar da ɗalibai. Darasin shi ne a yi aro da lura, a kuma ci gaba da ƙirƙira daga cikin gida inda hakan zai yiwu.

Haka nan ba a ce halin Ingila na ƙarni na 14 daidai yake da na Nijeriya ko Nijar ba. Masu Faransanci a Ingila 'yan tsiraru ne a tsakiyar al'umma mai harshe guda, alhali waɗannan ƙasashe suna da harsuna masu yawa da kowanensu ke da haƙƙi. Abin da ya yi kama shi ne matsayin doka. Dokar 1362 da ta umarci a yi shari'a da Ingilishi, ita kanta da Faransanci aka rubuta ta, kuma sai a 1731 aka kafa dokar da ta kawar da Latin da Faransanci daga takardun kotu. Tsarin mulkin Nijeriya na 1979 da na 1999 sun yarda a gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, a 2025 kuma Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Tarihin Ingilishi ya nuna cewa irin wannan doka takan zauna a takarda har sai an sami littattafai da ƙamus da ƙwararrun da za su ɗauke ta.

Kammalawa

Hausa ba daga sifiri za ta fara ba. Abin da Alfred ya yi a ƙarni na 9 yana da ɗan'uwa a aikin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da sauran malaman jihadi da suka sanya ilmi cikin Fulatanci da Hausa domin ya kai ga wanda bai ji Larabci ba. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939. Giɓin da ya rage yana fannin kimiyya da shari'a da likitanci da lissafi, kuma cike shi ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i fiye da kowa. Zai kyautu a ba ɗalibai damar yin kundin kammala digiri ta hanyar fassara babi daga littafin kimiyya ko na shari'a, tare da haɗin gwiwar malaman waɗannan fannoni, a kuma riƙa tattara kalmomin da aka ara ko aka ƙirƙira a wuri guda domin a daidaita su. Ɗalibin da aka tambaya me ya zo nema a jami'a, amsarsa ita ce ya zo yin aikin da masu fassara na Wessex suka yi wa harshensu shekara 1,100 da suka wuce, a lokacin da babu wanda ke jin Ingilishi a wajen tsibirinsa.